Kwalba Biyu a Tagar Zaure

Unguwar Sarki,
Kaduna.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Rakiya, da jikata kuma amaryata Safiya, wadda na ji labarin ta amince za ta bi ku ta bar angonta a nan da tsufansa. Allah Ya kiyaye ku a fita da shiga, Ya sa ƙafarku ta sauka a kan alheri.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce ta raba ɗakinsa da naka. Dalili shi ne na shafe rayuwata a ofishin safiyo, wato na awon filaye, ina rubuta abin da nake nufi kafin in faɗe shi, har bakina ya saba jiran alƙalami. Ga kuma yadda al'amarin yake a taƙaice. Allah Ya nufa ka kammala ginin gidanka a Rigachikun, kuma ranar Asabar mai zuwa za ku tare. Gidan yana da fili a baya wanda kake son mayarwa lambu, yana da rijiya a tsakar gida. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun dawo daga masallaci, ka roƙe ni a gaban abokanka in ba ka famfon feshina na goyo da galan ɗin maganin ƙwari da ke ɗakin ajiya. Na ce maka sai na yi tunani. Na ga yadda fuskarka ta sauya, daga baya kuma mahaifiyarka ta sanar da ni, ba tare da ɓoye komai ba, cewa na kunyata ka a gaban mutane a kan tsohon famfo.

Ina so ka sani ba famfon nake jin nauyin bayarwa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yarinyar nan da ta fara tafiya, wadda duk abin da hannunta ya kai kansa bakinta ne alƙalinsa. Jiya na ƙwace murfin alƙalamina daga bakinta, shekaranjiya kuma carbina. Kafin magani mai kisa ya bi ta zuwa sabon gida, ya zama dole ka ji yadda ni na yi da shi, domin ban iya shi tun farko ba, kuma an sha dariyata a kansa ba kaɗan ba.

Ka tuna shekarun da gwamnati ke ta kiran ma'aikata su riƙa noma a bayan gidajensu. Kana firamare a lokacin. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba tun barina ƙauye, sai na tashi da ƙarfina na kafta filin bayan gidan nan, na dasa tumatur da kuɓewa da alayyafo, na kewaye su da zogale. Da ƙwari suka fara huda ganye, wani abokin aikina ya haɗa ni da mai sayar da kayan noma, na sayo famfo da galan guda na magani na ɗauro su a bayan babur. Mai shagon ya ce mini murfi kaza ake zubawa a cikin famfo guda na ruwa, kuma haka aka rubuta a takardar da ke manne a jikin galan ɗin. Ni kuwa na dubi ɗan murfin nan, na dubi yawan ƙwarin, na yanke hukunci a raina cewa wanda ya rubuta takardar bai san ƙwarin Kaduna ba. Na ninka awon, na sake ƙarawa da ɗan abin da na kira ihsani.

Washegari na fita da fara'a in ga gawarwakin maƙiyana. Ƙwari dai sun mutu, wannan ba shakka. Amma tumatur ɗin ma ya bi su. Ganyen ya nannaɗe ya yi baƙi kamar an bi shi da wuta. Ina tsaye ina kallo sai ga mahaifiyarka ta fito da kwano a hannu za ta tsinki alayyafon miya. Ta dubi lambun, ta dube ni, ta ce, “Alhaji, sannu da yaƙi. Su wa suka ci nasara?”

Na ce, “Ai ƙwarin sun mutu.”

Ta ce, “Na gani. To, su za mu sa a miyar?”

Tun daga ranar na daina gardama da takardar jikin galan. Kai ma kada ka yi. Awon da aka rubuta shi ne awon, ƙari a kansa ba ya ƙara kashe ƙwaro, sai dai ya ƙone shuka ya bar dafi a kan abin da iyalinka za su ci. Ka keɓe murfin awo guda wanda ba ya shiga kicin. A takardar kuma za ka ga an faɗi kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki ganye ko 'ya'ya. Ka karanta wa Rakiya wannan layin da kanka duk ranar da ka yi feshi, domin ita ce mai shiga lambu da kwano, kuma alayyafon da aka fesa jiya kamanninsa ɗaya da wanda ba a taɓa ba.

Kuskurena na biyu a jikina ya ƙare. Wata ranar Asabar na dawo daga ɗaurin aure da hantsi, rana ta ɗaga, iska tana kaɗawa. Maimakon in canza kaya, sai na naɗe hannun babbar rigata na goya famfo, da goro a bakina. Ina fesawa iska tana dawo mini da shi a fuska, ina sharewa da gefen riga. Can sai bakin famfon ya toshe. Na kwance shi, na duba, na ga ɗan tsakuwa a ciki, sai na sa a baki na hura, kamar yadda muke hura bututun alkama muna yara. Ya buɗe kuwa. Na ci gaba da aikina ina jin kaina gwani.

Kafin azahar kaina ya fara sarawa, gumi yana keto mini, miyau ya cika mini baki, zaure yana juyawa da ni. Nan take gida ya cika da likitoci. Wannan ya ce a ɗura mini manja, wancan ya ce madara, wata maƙwabciya ta ce a sa mini yatsa a maƙogwaro in amayar. Allah Ya taimake ni da direban da ke haya a gidan da ke kallon namu, wanda ya ce shi bai san magani ba amma ya san hanyar asibiti. Da muka isa, tambayar farko da likita ya yi ita ce wane magani ne. Na ce na ƙwari. Ya ce na ƙwari iri nawa ne a duniya? Dole direban nan ya sake komawa gida ya ɗauko galan ɗin, likita ya karanta sunan, sannan ya san allurar da zai yi mini. Ya kuma yi mini faɗa irin wanda rabona da ji tun ina makaranta, ni da furfurata ta fara fitowa. Ya ce da an ɗura mini manjan nan na shaƙe shi cikin huhu, da aikinsa ya ninku.

Saboda haka ka ware wa feshi kayansa: tsohon dogon wando, riga mai dogon hannu, dogon takalmin roba, safar hannu, da abin rufe hanci da baki. Ka yi aikin da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, lokacin da iska ta kwanta, ka ba ta baya. Babu goro, babu ruwan sha, babu gaisawa da hannu sai ka yi wanka da sabulu. Kayan kuma a wanke su daban, kada su haɗu da zanen goyon Safiya a baho ɗaya. In bakin famfo ya toshe, tsinken tsintsiya ya ishe shi. In kuwa, Allah Ya kiyaye, wani ya sha ko ya shaƙa, a ɗauke shi a ɗauki mazubin maganin a nufi asibiti, a bar masu manja su ci gaba da shawara a zaure.

Waɗannan biyun ni kaɗai suka shafa, ni da tumatur. Na ukun shi ne dalilin wannan takarda, kuma ina so ka karanta shi a natse.

Ka san yadda zaman unguwar nan yake. Wanda gishirinsa ya ƙare ya aiko a ɗiba masa, wanda kananzir ɗinsa ya ƙare ya aiko da kwalba a tsiyaya masa, kuma ba a taɓa mayar da kwalba haka nan. Da labari ya bazu cewa Malam Abdullahi na ofishin safiyo yana da magani mai kashe ƙwari nan take, sai galan ɗina ya shiga sahun gishiri da kananzir. Mai kyankyaso ya zo, mai gara ya zo, mai tururuwa ya zo. Kowa da irin mazubinsa: kwalbar lemo, kwalbar maganin tari, gwangwanin madara. Ni kuma ina tsiyayawa ina toshe bakin da totuwa ko takarda, ana yi mini godiya da addu'a, ina jin daɗi a raina. Ban taɓa tambayar kowa inda zai ajiye ba. Ban taɓa tunanin cewa maganin da aka yi domin lambu ba shi ne na ɗakin kwana ba. A ganina taimakon maƙwabci nake yi, kuma niyyata ke nan har ga Allah.

A shekarar da za ka rubuta jarrabawar shiga sakandare, Malam Iliyasu mai makarantar allo ta bayan layinmu ya yi mini kukan kuɗin cizo sun addabi tabarmin makarantarsa. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Da yamma na tsiyaya masa magani a koriyar kwalbar lemo, na toshe da totuwa, na ajiye a tagar zaure domin ya ɗauka in ya zo wucewa. Abin da ban sani ba shi ne mahaifiyarka ta riga ta aika masa ya yi maka rubutun sha saboda jarrabawar. Da safe bayan sallar asuba ya biyo da rubutun, shi ma a koriyar kwalbar lemo, shi ma da totuwa a baki, domin irin kwalbar da ke kowane gida ke nan. Ya yi sallama, aka amsa daga ciki, ya ce ga saƙon yaro nan a taga, ya ajiye kusa da tawa. Ya ga kwalbata, ya kuma san dominsa na ajiye ta, amma mutum ne mai kunya, ba ya ɗaukar abu a gidan wani sai an miƙa masa hannu da hannu. Ya tafi ya bar su biyu a jere.

Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina da ke zaune tare da mu, Allah Ya jiƙanta, ita ta ce babu mai ba jikanta rubutu sai ita. Idonta ya riga ya yi rauni, ga mura ta toshe mata hanci a makon nan. Ta je taga ta ɗauko kwalba. Ta san ba ka son ɗanɗanon tawada, saboda haka ta saba sirka maka rubutu da ruwa da ɗan sukari. Ta tsiyaya a ludayi, ta ƙara ruwa daga randa. Ina ƙofar ɗaki ina ɗaura agogo sai na ji ta ƙwala mini kira da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi.

“Audu! Fito ka ga ikon Allah. Rubutun Malam ya koma nono.”

Ka san maganin nan ruwan ƙasa-ƙasa ne a cikin galan, amma da zarar ya haɗu da ruwa sai ya yi fari fat. Na sha ganin haka a cikin famfo. Na fito na same ta a tsakar gida riƙe da ludayi tana juya shi tana dariya, kai kuma kana tsaye a gabanta cikin kayan makaranta, da fensir a aljihu, ka miƙa hannu.

Ka ce, “Gwaggo, ki ba ni in sha mana, zan makara.”

Ta ce, “Tsaya, mai gidana, bari ubanka ya gani. Ko Malam ya fara kiwon shanu a allo ne?”

Na ce, “Gwaggo, wace kwalba kika ɗauko?”

Ta ce, “Yo kwalba nawa ce a tagar? Wadda hannuna ya taɓa.”

Ban san lokacin da na tsallake tsakar gidan ba. Na buge ludayin daga hannunta, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba, ya faɗi cikin kaskon da agwaginta ke shan ruwa. Kai ka fashe da kuka don kana tsammanin wani laifi ka yi. Mahaifiyarka ta fito daga kicin, ta shinshina kwalbar, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Na wanke wa Gwaggo hannu da sabulu da kaina, na sa ka a bayan babur na kai ka wurin jarrabawa, ba ka sha rubutun kowa ba, addu'a kawai na tofa maka a ka. A cikin ruɗewa babu wanda ya tuna da kaskon. Da na dawo daga ofis na tarar agwagin Gwaggo a kwance a gindin zogale, babu mai motsi a cikinsu.

Kai abin da ka riƙe na ranar shi ne agwagi sun mutu kuma ka ci jarrabawa. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah tana yi mini gorinsu. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna ka ta ce, “Ka ga wannan? Da agwagina aka fanshe shi.” Mukan yi dariya, ni ma nakan yi. Amma ka lura da abin da ya tsare ka. Ba wayona ba ne, ba kuma karatuna ba. Allah ne Ya sa ba ka son ɗanɗanon tawada, Ya sa tsohuwa ta ƙara ruwa, Ya sa ta tsaya yin raha. Magani a cikin galan ɗinsa yana da suna, yana da hoton gargaɗi, kowa yana tsoronsa. Da zarar an juye shi a kwalbar lemo ya zama lemo a idon yaro, ya zama rubutu a hannun tsohuwa. Kuma ba gidana kaɗai ba: na zauna na tuna kwalabe nawa na raba a unguwar nan, kowace tana tsaye a wata taga ko ƙarƙashin wani gado, a gidajen da ke cike da yara.

Washegari na bi gida gida ina karɓo abin da na bayar. Wannan bai yi wuya ba. Abin da ya yi wuya shi ne hanawa. Mutum na farko da ya zo da kwalba bayan haka shi ne Alhaji Tanko, wanda ya girme ni, wanda kuma ya tsaya mini lokacin da nake neman filin gidan nan. Na ce masa ya yi haƙuri na daina tsiyayawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “To, Malam Abdullahi, ashe an yi maka ƙarin girma a ofis ba mu ji ba.” Ya juya da kwalbarsa. Wallahi gumin da na yi a lokacin ya fi na ranar asibiti. Sai da aka yi makonni ana amsa gaisuwata a taƙaice.

Malam Iliyasu ne ya warware mini. Bayan sallar magariba ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci ya ba da labarin kwalba biyun da bakinsa, ya ɗora wa kansa rabin laifin da ba nasa ba, sannan ya ce, “Daga yau mai son magani kada ya zo da kwalba, ya zo ya ɗauki Malam Abdullahi ɗungurungum.” Aka yi dariya, maganar kuma ta zauna. Na koma bin gidajen maƙwabta da famfona ranar Asabar in buƙata ta taso. In gara ce a katanga ko ƙwari a lambu, in sa a kwashe yara da kaji da kwanuka, a rufe randa da rijiya, in fesa, in wanke famfona nesa da ruwan sha, in dawo da magani gida. In kuɗin cizo ne a ɗaki, in ce a fitar da katifa da tabarma rana, a zuba wa gado tafasasshen ruwa, a nemi maganin da aka yi domin ɗaki. Nan na samo sunan Sarkin Feshi da kuke jin tsofaffin unguwa suna kirana da shi. Alhaji Tanko da kansa ya raɗa mini, ranar da na raba shi da garar da ta cinye masa ƙyauren shago.

Yanzu bari in zo kanka. Habibu, kai ɗana ne, na san halinka domin nawa ne ka ɗauko. Hannunka a sake yake, bakinka kuma bai iya cewa a'a ba. Na ga ka ba da aron babur ɗinka ka tafi ofis a ƙasa. Wannan hali ne mai kyau, ina alfahari da shi, amma za ka shiga garin manoma a matsayin baƙo mai neman karɓuwa. Ranar da aka ga famfo a bayanka, kafin mako ya zagayo dattijo zai yi sallama a ƙofarka da kwalba a aljihu, ya kira ka ɗana, ya tambayi lafiyata. Na san abin da za ka yi, domin na yi shi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da nake so Rakiya ta ji. A can wake yana araha da kaka, za ku so ku saya ku ajiye. Kada maganin lambu ya kusanci buhun abinci ko da wani ya rantse muku haka ake yi. A shanya waken ya bushe sosai, a zuba a duro mai murfi da busasshen barkono, a rufe ruf. Maganin ɓera da ake kwaɓawa da ƙuli-ƙuli ko kifi, a gidan da ke da mai rarrafe da mai tatata, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Tarko da kyanwa sun wadatar. In an fesa wa ɗaki maganin sauro, a fitar da abinci da ruwa, kowa ya fita, sai an buɗe tagogi warin ya tafi sannan a shigar da yarinya, gidan sauro kuma ya fi mini duka. Galan in ya ƙare, na san yadda mata ke son galan mai kyau domin mai ko ruwa. Mahaifiyarka ma ta taɓa yi wa nawa kallon sha'awa. A ɗauraye shi a juye ɗaurayen cikin famfon feshi, a huda shi da wuƙa, a binne shi can ƙarshen fili nesa da rijiya.

Ga amsar roƙonka. Famfon naka ne, na sa an canza masa roba da igiyar goyo. Galan ɗin da ke ɗakin ajiya kuwa ba zai bi ka ba, domin ya daɗe, takardar jikinsa ta goge har ni kaina ba na iya karanta awonsa. In ka shuka lambunka ka ga ƙwari, ka fara da tsincewa da hannu da barbaɗa toka. In abin ya fi ƙarfin haka, ka nemi malamin gona ya gani da idonsa, ka sayi ƙaramin mazubi mai takarda, daidai buƙatarka. Na kuma sa maƙeri ya yi maka akwatin ƙarfe mai kwaɗo domin ajiye maganin, wanda za a kafa a sama a ɗakin ajiya, ba a kicin ba.

Makullin akwatin kuwa ba a hannunka zai zauna ba. A hannun Rakiya zai zauna. Na lura da ita shekarun nan da ta yi a gidan nan: ta iya hana mutum abu yana dariya, har ni ta hana ni sukari a shayi na yi mata godiya. Saboda haka ranar da dattijo ya fito da kwalba, ba sai ka yi ƙarya ba, ba sai ka yi gumi irin nawa ba. Ka ce masa, “Baba, makullin ba ya hannuna, umarnin mahaifina ne, amma in ka yarda zan zo da kaina in duba.” Ka ɗora mini laifin gaba ɗaya. Na tsufa, ina nesa, zan iya ɗauka.

A ƙarshe, ina neman haɗin kan kowa a kan wannan tsari. Ina roƙonka ka karɓe shi da zuciya ɗaya, ka karanta wa Rakiya takardar nan daga farko har ƙarshe, har da wuraren da aka yi mini dariya. Ina roƙon Rakiya ta karɓi wannan amana, kada ta sassauta ko da kai ne ka yi mata magiya. Ina roƙon mahaifiyarka da ƙannenka, masu zuwa muku ziyara, kada wani ya nemi a buɗe akwatin domin a ɗiba wa wata ƙawa ko wani aboki. Mutum ɗaya ce ban nemi haɗin kanta ba, wato amaryata Safiya, domin na san ba za ta bayar ba, kuma ba a kanta nauyin yake ba.

Allah Ya sanya albarka a sabon gidanku, Ya sa rijiyarku ta zama mai daɗin ruwa, lambunku ya yi yabanya. Allah Ya tsare ku daga sharrin abin da kuka sani da wanda ba ku sani ba, Ya raya Safiya cikin lafiya da imani, Ya kai ku lafiya, Ya zaunar da ku lafiya da maƙwabtanku. Mahaifiyarka tana sa muku albarka, ta kuma ce in gaya maka tana jiran tumatur na farko, wanda aka jira kwanakinsa suka cika.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Abdullahi.